Zuma a Kwalbar Giya

Tun da na dawo daga aikin Hajji ba a yin kwana biyu wani bai tare ni ba, ko a bakin rumfata ko a ƙofar masallaci, ya ce, "Alhaji Sale, ba mu labarin Makka mana." Ni kuwa sai in ce, "Makka sai wanda ya je," in miƙa masa dabino, a yi dariya a rabu. Har Malam Tanko, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a can, ya fara gaya wa mutane wai rowar labari gare ni. Ba rowa ba ce. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaye. To yau na zauna na rubuta shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, amma don Allah ya karanta masa abin da ke rubuce. Ni ba malami ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya, a yi haƙuri da rubutun.

Kafin in kai ku filin jirgi sai na fara kai ku wani sito a Kaduna, domin daga can tafiyar ta soma.

Shekara tara na yi ina aiki a wani babban kanti a ƙetaren gada. Ba zan faɗi sunansa ba, an ma daɗe da rufe shi. Kantin yana da jan ruwan inabi nasa na kansa, mai ɗauke da sunan kantin, wanda ya fi na waje araha. Bari in kira abin da sunansa: giya ce. A durom ake kawo ta, mu kuma a sito mu ɗura a kwalabe, mu toshe, mu liƙa takarda. Liƙa takardar nan shi ne aikina, kuma na iya shi. Ban taɓa liƙa ta a karkace ba, gam ɗin da nake haɗawa kuwa ko kwalba ta kwana uku a ruwa ba ya saki.

Takardun iri uku ne. Akwai fara, ta masu ƙaramin ƙarfi. Akwai mai ruwan zinare, da hoton wani gida a kan tudu, an rubuta sunan wata ƙasar Turai da shekarar da wai aka tsinke inabin. To fara da mai zinare duk durom ɗaya ne, mazurari ɗaya. Shekarar kuwa, duk bandir ɗin takardar da hannuna ya fara kaiwa gare shi ita ce shekarar. Na sha ganin manyan mutane sun ɗaga mai zinare suna duba ta a haske, suna cewa wannan ta kwana biyu, ba irin ta talakawa ba ce, su biya ninki uku su tafi suna murna. Wanda ya sayi mai farar takarda shi ya ci riba, bai ma sani ba. A lokacin dariya abin yake ba ni. Kuma kada wani ya yi mini kyakkyawan zato: ni ma na sha, ba sau ɗaya ba.

Ta uku koriya ce, an rubuta da Turanci cewa babu barasa a ciki, har da ɗan hoton jinjirin wata. Da farko gaskiya ce, ruwan inabi ne zalla daga wani durom daban, Musulmi suna saye don biki. Sai wata shekara lokacin bukukuwa ya zo, durom ɗin ya ƙare, sabon kaya bai iso ba. Manaja ya ce a ɗebi mai zaƙi daga cikin giyar, a ƙara mata ruwa da sukari, a liƙa koriya. Ya ce, "Ɗan kaɗan ne, ba wanda zai ji." Ban ce a'a ba. Wata uku muna haka.

A cikin watannin nan aka ɗaura mini aure, kantin ya ba ni kwali biyu na masu koriyar takardar gudummawa. Na san abin da ke ciki. Na kai gida don a ce bikin Sale ya fi na kowa.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Tela ne, a gindin kekensa na koyi zura zare a allura kafin in raina sana'ar. Ranar walima, bayan Azahar, ni da hannuna na zuba masa a kofi. Ya duba, ya shinshina, ya ce, "Sale, kwalbar nan ba ta yi mini kama da ta mutanen kirki ba."

Na ce, "Kawu, ga shi nan a rubuce, babu komai a ciki."

Ya ce, "Ni da boko sai kallo. Kai ne takardata. In ka ce in sha, in sha."

Na ce, "Sha, Kawu."

Ya yi bisimilla ya sha kofi uku, yana yaba zaƙin. Ya shiga shagonsa ya ɗan kishingiɗa. Bai farka ba sai da ana kiran Isha'i.

Bayan shekara biyu ya tafi Umara, bai dawo ba. Ya zama takari, ya yi aure a can. Ni kuma sai da na ƙara shekara uku a kantin bayan bikina. Ba wa'azin kowa ne ya fitar da ni ba, wata safiya ce na tashi na ji ba zan iya ƙara shaƙar warin gam ɗin nan ba. Na kama rumfar hatsi a kasuwa. Shekara goma ina auna gero da masara kafin in samu kujerar Hajji, domin na rantse ba zan je Ɗakin Allah da gumin kantin nan ba.

Kun san al'ada, maniyyaci yakan zaga dangi da maƙwabta neman yafiya. Na zaga. Duk inda na ce a yafe ni sai a ce, "Haba, ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mu baki ɗaya." Yafiya mai sauƙi ke nan, tunda ba ka faɗi laifin ba. Mutum ɗaya ya rage, shi ne Kawu, ga shi labari ya zo cewa idonsa ya tafi, ƙirji kuma ya sa shi gaba. Ana gobe zan shiga sansanin alhazai, Inna ta miƙo mini wani ƙunshi, an naɗe da tsumma an ɗaure a leda kamar laya. Ta ce, "Zumar ƙauyenmu ce, daga amya aka tace ta, ba a haɗa ta da komai ba. Ka ba Ilu hannu da hannu, ka ce in ji yayarsa, ya riƙa lasa saboda ƙirjin nan." Na cusa a tsakiyar kayana ban kwance ba.

Kwana uku muka yi a sansani, kullum jirgi sai gobe. A nan na haɗu da Malam Tanko, manomin albasa daga ƙasar Zazzau, mutum mai bakin da ba ya hutawa. Jakarsa rabi kuka ce da daddawa da yaji, wai shi ba zai je ƙasar mutane ya mutu da yunwa ba. Da yake jirginmu na ƙarshe-ƙarshe ne, aka ce Makka za mu wuce kai tsaye, kowa ya ɗaura haraminsa tun a ƙasa. Malam Tanko ya ɗaure nasa da igiyar buhu, ya ce bai yarda da bel ɗin 'yan kasuwa ba.

A cikin jirgi aka kawo shayi da wasu 'yan ƙananan ƙunshi biyu na takarda. Ya miƙo mini ya ce, "Kai ɗan boko, wanne ne sukari?"

Na ce, "Yaga ka lasa, Malam. Ni ba na karanta wa mutane takarda."

Ya ce girman kai ne, ya zaɓi ɗaya ya juye. Gishiri ne. Har muka sauka yana cewa alhakin shayinsa yana wuyana.

Jidda muka sauka da hantsi, zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Aka jera mu layi ana ɗaukar hoton yatsu. Na Malam Tanko suka ƙi fitowa, fartanya ta cinye zanen, sai da aka shafa masa mai aka danna har sau biyar. Muna cikin yi masa dariya aka tura jakata cikin na'ura, sai na ga an janye ta gefe. Wani jami'i ya zazzage kayana, ya ɗauko ƙunshin Inna, ya yanke ledar, ya warware tsumman.

Kwalba ce mai dogon wuya, da takarda mai ruwan zinare, da gidan nan a kan tudu. Takardar da na liƙa da hannuna, ko gefenta bai ɗaga ba. A da ina kai wa Inna kwalaben da aka zubar tana zuba man gyaɗa, ita ba ta san me aka rubuta ba, kwalba ce mai kyau mai murfi.

Jami'in ya ɗaga ta sama ya daka tsawa, "Hamru! Ya hajji, hamru?" Wannan kalma ko ɗan makarantar allo ya san ta. Ga ni tsaye cikin harami, bakina bai bushe da Labbaika ba. Wata hajiya a bayana ta ce, "Inna lillahi! Giya zai kai Makka?" Malam Tanko ya ja da baya ya ce, "Ni dai a sansani na haɗu da shi."

Aka kira wani ma'aikaci mai furfura, baƙi kamar ni, jikan mutanenmu da suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce, "Ya hajji, esh hada? Wannan mamnu'i ne, an hana, sijin ne fa, kurkuku!"

Na ce, "Wallahi zuma ce. Mahaifiyata ce ta ba ni in kai wa ƙanenta."

Suka buɗe, suka karkata ta, abu ya ƙi zubowa. Jami'in ya shinshina, ya sa ɗan tsinke ya lasa, sai fuskarsa ta sake. Ya kira ɗan'uwansa shi ma ya lasa. Mai furfurar ya ce, "Ya ce asal ne, zuma ta asali, babu irinsa a kasuwa. Amma yana tambaya, don me za ku zuba abu mai kyau a kwalbar banza?" Ina zan fara gaya masa cewa ni akasin haka na yi wata uku ina yi? Suka ce a kankare takardar. Aka sa makulli, aka sa farce, ta ƙi. A ƙarshe suka naɗe kwalbar da baƙin salatif suka miƙo mini.

A mota Malam Tanko ya dawo kusa da ni kamar ba shi ba. Ya ce, "Ai na san ba za ka aikata ba, gwada imaninka nake yi."

Ba zan tsaya kwatanta Ka'aba ba, masu baki sun yi sun gaza. Na dai ga mutane suna kuka don murna, ni ma na yi kuka, amma nawa daban ne. Masaukinmu wani dogon bene ne, tafiyar rabin awa zuwa Harami, ko'ina ana gini, ƙura da ƙarar injuna. Mu shida a ɗaki. Abincin da ake rabawa shinkafa ce da kaza, ba yaji ba gishirin kirki, sai ga shi wanda muka yi wa dariya a sansani ya zama sarki, kowa na bin Malam Tanko da roƙon yaji. Da safe mukan sayi wani burodi mai faɗin faifai a ci da dafaffen wake. In kewar gida ta taso, a bayan benen akwai matanmu takari masu tuwo da miyar kuka, ido ɗaya a kan kwano, ɗaya a kan hanya saboda askarawa. Abu biyu suka ba ni mamaki. In an kira salla mai shago sai ya yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi, ba kwaɗo ba mai gadi. Na biyu, kusan bayan kowace salla a Harami sai an yi sallar gawa, ka yi wa mutum salla ba ka san ko wane ne ba.

Da muka gama Umara muka kwance harami, na kira lambar matar Kawu, Hajiya Maimuna, ta kwatanta mini unguwarsu, Nakkasa. A jikin dutse take, mota ba ta shiga, sai matakala da lunguna. Ƙanshin turaren wuta da na daddawa sun haɗu, fuskoki na gida, baki na Larabawa. A bangon gidaje da yawa na ga an rubuta wata kalma da jan fenti, na ɗauka sunan wata ƙungiyar addini ce ta can gida, har na ce ashe sun yi ƙarfi a nan. Ashe ma'anarta za a rushe gidan. Har da ƙofar Kawu.

Hajiya Maimuna haifaffiyar Makka ce, ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Ta ce, "Ahlan, ahlan, ya waladi! Shigo, Kawunka tun subahi yake tambayar ka."

Na same shi kwance a gindin kekensa, an lulluɓe keken da zane. Mutumin da na sani mai faɗin kafaɗa ya koma kamar kara. Ya sa hannu ya shafa fuskata, ya ce, "Har da gemu, Sale?" Ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wane fa? Ya rasu. Wance fa? Ta rasu. Da muka kai mutum na biyar ya daina tambaya.

Na ba shi saƙon Inna. Ya karɓa, yatsunsa na tela suka bi wuyan kwalbar, suka sauka har gindi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Mai rami a gindi. Irin kwalbar bikinka ce."

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Sai ya ce, "Ka san ranar nan ce ta kawo ni ƙasar nan? Ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da na balaga salla ba ta taɓa fita a kaina ba sai ranar. La'asar da Magariba, duka biyu. Na ci, na sha, na miƙe kamar dabba. Na ce ashe haka zuciyata take, daɗi kaɗan ya ishe ta ta manta Ubangijinta. Na rama, na yi istigfari, abin ya ƙi barina. Da na zo nan na ga inda salla ɗaya take ninkuwa, sai na ce ba zan koma ba, in zauna ko na cike ramin. Na bar yayata, na bar shagona. Ita tana can tana ganin na guje ta."

Ga ƙofa a buɗe, maganar da na ɗauko tun daga Kaduna tana bakina. Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah mai gafara ne, Kawu." Na sha shayinsu na sauko.

Washegari Malam Tanko ya ja ni kantin da ke ƙasan masaukinmu, wai yana son abu mai sanyi. Muna shiga na ga layi guda na jan ruwan inabi, kwalabe masu dogon wuya, wasu da sunan kantin masu araha, wasu da ruwan zinare masu tsada. Malam Tanko ya ɗauko biyu ya ce, "To ɗan boko, ga 'yan'uwan taka ta Jidda. Yau dai sai ka karanta."

Mai kantin ya ɗaga hannu yana cewa, "Halal, halal! Makka, kullu halal!"

Na juya bayan kwalbar, inda ake sa ƙananan baƙi, domin gaba ta mai saye ce, baya ita ce ta hukuma. Na ce, "An rubuta babu barasa. Amma inabin ma kaɗan ne, yawanci ruwa ne da sukari da kala. Kuma mai tsadar da mai arahar gida ɗaya suka fito, ga adireshin nan iri ɗaya. In za ka saya, sayi mai araha."

Ya ce, "Kai ina ka san wannan?"

Na ce, "Aikina ne a da."

A kan matakalar kantin na gaya masa komai. Tun da na san shi ranar ce kaɗai na ga bakinsa ya tsaya. Can ya ce, "Mu ma 'yan albasa mukan sa manya a bakin buhu, ƙanana a ƙasa. Amma mai saye in ya zazzage zai gani. Kai naka ya shiga ciki ya zama jini." Ya juya kwalbar a hannunsa ya ce, "In ka faɗa masa ka karya masa zuciya. In ka yi shiru ya mutu yana zagin kansa a kan laifinka. Jibi za a fita Mina. Da wanne za ka hau Arfa?"

Ranar bakwai ga wata da hantsi na sake hawa dutsen. Ban yarda an kawo shayi ba. Na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, abin da ka sha ranar bikina giya ce. An ƙara mata ruwa da sukari, aka liƙa takardar ƙarya. Ni na liƙa. Ba zuciyarka ce ta kwantar da kai ba."

Ya juyo da fuskarsa inda nake.

Ya ce, "Lokacin da ka ce in sha, ka sani?"

"Na sani."

"Yaya ta sha?"

"Ta sha."

"Liman?"

"Shi ma."

Ya juya fuskarsa bango. Ya ce, "Shekara goma sha uku ina zagin Ilu. Ashe Ilu kwantar da shi aka yi."

Hajiya Maimuna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ce, "Haram alaika, ya Sale! Ka ƙetaro teku don ka ƙarasa shi?"

Ya ce, "Bar shi, Maimuna."

Na kama ƙafarsa na ce, "Kawu, ka yafe ni don darajar wannan gari."

Ya ce, "Kwalba nawa ka liƙa wa koriyar?"

"Ban ƙirga ba."

"To." Ya daɗe yana tari. Da ya lafa ya ce, "Je ka yi hajjinka. Ka dawo bayan jifa. Yanzu in na ce na yafe, bakina ne ya faɗa, cikina bai kai can ba. Ni ba na liƙa takarda."

Haka na tafi Mina. Tantuna ne farare iya ganinka, katifa ba ta fi faɗin darduma ba, in ka juya sai ka nemi izinin maƙwabcinka. Layin banɗaki ya fi layin abinci. Wayata ta mutu tun ranar farko, wurin caji ɗaya ne ga mutum hamsin. A Arfa mutane sun zo da littattafan addu'a da sunayen waɗanda suka ba su saƙo. Ni addu'a ɗaya na yi ta maimaitawa har rana ta faɗi: Allah ka kai cikin Kawu inda bakinsa zai faɗa.

Wajen jifan Shaiɗan na ga abin dariya da ban iya yi wa dariya ba. Wani yana jifa da takalmi. Malam Tanko yana wurga tsakuwa da ƙarfinsa duka yana cewa, "Kai ka sa na sayar da gonar gado, la'ananne!" Ni a hankali na jefa nawa. Na san ba Shaiɗan ne yake haɗa gam ɗin nan ba.

Ranar Salla muka shigo Makka yin ɗawafi, La'asar ta same mu a Harami. Bayan an sallame aka yi kiran sallar gawa, muka tashi muka yi kamar kullum, muka koma Mina.

Ranar da aka gama jifa ban ko sauke jakata a masauki ba, na hau Nakkasa. Tun daga ƙasan lungun na hangi kujeru a jere a ƙofar gidan, ana zaga wa mutane da gahawa. Su haka suke zaman makoki, a kan kujera, ba tabarma kamar mu ba.

Hajiya Maimuna ta ce da safiyar Salla ya cika. An kai shi Harami, an yi masa salla bayan La'asar. Ashe ina cikin sahun, na yi wa Kawuna salla ban sani ba.

Ba ta dube ni ba tana magana. Ta ce, "Ranar Arfa ya ce in ba shi asal ɗin. Cokali ɗaya ya lasa, ya ce zumar gida ce. Sannan ya ba ni amana. Ya ce, in Sale ya zo ba na nan, ki ce masa nawa na sauke masa, baki da ciki. Amma ni kofi uku ne kawai. Sauran yana hannun masu shi, ya je ya gaya musu." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Na isar. Ni kam ban yafe maka kwana ukun da ya yi yana kuka ba, sai nan gaba in Allah ya so."

Wani ɗan'uwanta ya kai ni maƙabartar a bayan gari. Fili ne shimfiɗaɗɗe a cikin katanga, sai 'yan duwatsu a jere. A gida ko guntun kwano akan kafa a rubuta suna. Nan babu suna ko ɗaya. Na tambayi mai gadi ina aka sa wani tsoho Bahaushe ranar Salla, ya buɗe hannuwa ya nuna mini filin duka. Na tsaya na yi musu sallama baki ɗaya.

Madina da dawowa ba ni da abin faɗa a kansu, jikina ne kawai ya je.

Da na iso gida, bayan 'yan barka da 'yan ta'aziyya sun watse, na shiga ɗakin Inna na gaya mata duka, tun daga sito har dalilin da ya hana ƙanenta dawowa. Tana jan carbi, ba ta tsaya ba har na gama. Sannan ta ce, "Zumar dai ya sha?"

Na ce, "Cokali ɗaya."

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ita dai ta gaskiya ce." Ta juya ta ci gaba da carbinta. Ina gaishe ta kullum tana amsawa, amma har yau ba ta ƙara karɓar abin sha daga hannuna ba.

To ga labarin Makka da kuke tambaya. Yanzu saura saƙon Kawu. Duk wanda ya zo walimata ya sha jan abin nan, giya ya sha, ni na ba shi ina sane, shi ba shi da laifi. Duk wanda ya sayi jan ruwan inabi mai koriyar takarda da jinjirin wata a ƙetaren gada a shekarar da na yi aure, ya kai gidan biki ko suna, shi ma haka, hannuna ne ya liƙa. Kuna ce mini Alhaji, ina amsawa, amma ku juya bayan kwalbar ku karanta. Rumfata tana layin 'yan hatsi, ba na tashi sai Magariba. Mai zagi ya zo ya zaga, mai yafewa ya yafe. Abu ɗaya nake roƙo: kada wanda ya ƙara ce mini ban yi masa komai ba.